Darasi na 9: Idan Kayan USB Sun Daina Aiki Bayan An Sabunta Kwamfuta

Wannan matsala tana da alama guda da ake gane ta da ita. Jiya firinta tana buga takardu lafiya lau, filash yana buɗewa, ɗan abin kama Wi-Fi da ake sokawa a gefen kwamfuta yana kawo intanet. Kwamfuta ta nemi a sabunta ta, aka amsa mata, aka kashe. Washegari da aka kunna, sai ɗaya daga cikin kayan nan ya yi shiru. Bai faɗi ba, ruwa bai taɓa shi ba, kawai kwamfuta ta daina ganinsa.

A nan mutane da yawa suke yin asara. Wani ya tafi kasuwa ya sayo sabon kaya, shi ma ya ƙi aiki. Wani ya kai wa mai gyara, a ce sai an yi fomatin, takardun shekara da shekaru su tafi. Alhali sau da yawa kayan lafiyarsa ƙalau, kuma gyaran bai wuce 'yan mintoci ba. Wannan darasi na masu amfani da Linux ne, musamman Ubuntu da Linux Mint. Ku karanta shi a gaban kwamfuta, kuna yi kuna gwadawa.

Mene ne kanel?

A cikin kowace kwamfuta akwai wata manhaja da ba a ganin ta a allo. Ita ce take tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. Idan kun danna harafi, ita take karɓar saƙon. Idan kun soka filash, ita take fara sanin an soka wani abu. Sunanta kanel. Na Linux, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta shi a 1991, kuma har yau ana fitar da sabo kusan duk bayan mako 9 ko 10.

Kanel ba ya magana da kaya kai tsaye sai ta hanyar direba, wato ƙaramar manhajar da ta san yadda ake sarrafa wannan kaya. Ga inda gizo yake saƙa: direban da ke aiki a cikin kanel kamar rigar da tela ya ɗinka ne bisa awon mutum ɗaya. An haɗa shi daidai da kanel mai lamba kaza. Idan kanel ya canza, dole a sake haɗa direban bisa sabon awo. Yawancin direbobi tare da kanel suke zuwa, an riga an daidaita su, shi ya sa sabuntawa takan wuce ba tare da kun ji komai ba. Amma wani lokaci wani direba ya kan maƙale a baya, ko a yi kuskure a cikin sabon, ko saukewar ta tsaya a rabi.

Kuma canjin yana iya zama babba. Ubuntu 22.04 ya fito da kanel 5.15 a watan Afrilu na 2022, amma kwamfutocin da aka sa wa irinsa da ake kira Desktop sun yi ta hawa zuwa 5.19, 6.2, 6.5 har 6.8, duk ta hanyar sabuntawar yau da kullum. Mai kwamfutar bai canza komai da hannunsa ba, amma abin da ke ƙasa ya canza sau huɗu.

Kafin a zargi kanel

Ku fara da abubuwa masu sauƙi. Ku kashe kwamfutar gaba ɗaya ku sake kunnawa, domin sabon kanel ba ya fara aiki sai an yi haka. Ku zare kayan ku soka a wata kafa. Kafa mai shuɗin harshe yawanci USB 3 ce, mai baƙi kuma USB 2, kuma akwai kayan da za su ƙi ɗaya su karɓi ɗaya. Idan akwai mahaɗa mai kafafu da yawa a tsakani, ku cire ta. Kafar USB 2 wutar da take bayarwa ba ta wuce miliamp 500 ba, ta USB 3 kuma 900, don haka idan kaya uku ko huɗu suna rabon wutar kafa ɗaya, wani zai rasa. Ku leƙa cikin kafar ko ƙurar hunturu ta cika ta. Ku canza kebul. Sannan ku gwada kayan a wata kwamfuta. Idan can ma ya ƙi, to shi ne ya lalace, wannan darasi ba zai tayar da shi ba.

Gwajin da ya fi kowane muhimmanci

Idan kayan ya yi aiki a wata kwamfuta, ga abin da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran darasin. Lokacin da Ubuntu ya sa sabon kanel, ba ya goge wanda ya gabace shi nan take. Tsohon yana nan a ajiye, kuma za ku iya tayar da kwamfuta da shi.

Da farko ku san wanda kuke kai. Ku danna Ctrl da Alt da T tare, tagar umarni za ta buɗe. Ku rubuta wannan, da ƙananan haruffa, sannan ku danna Enter:

uname -r

Za ku ga lamba irin 6.8.0-45-generic. Ku rubuta ta a littafinku.

Yanzu ku sake kunna kwamfutar. Da zarar tambarin kamfaninta ya wuce, ku danna Esc sau ɗaya. A tsofaffin kwamfutoci, Shift ake riƙewa. Idan ba ku dace da lokacin ba, ku sake gwadawa, ba ya ɓata komai. Wani baƙin allo mai rubutu zai fito, sunansa GRUB. Da maɓallin kibiya ku sauka kan layin da aka rubuta Advanced options for Ubuntu (a Linux Mint, sunan Linux Mint za ku gani a maimakon Ubuntu), ku danna Enter. Za ku ga jerin lambobin kanel. Ku zaɓi wadda ta fi taku ƙanƙanta, wadda ba a rubuta recovery mode a gabanta ba, ku danna Enter.

Ko da allon rubutu (kibod) na USB ne ya daina aiki, kada ku karaya. A wannan mataki kanel bai tashi ba tukuna, don haka yawanci allon rubutun yana amsawa a cikin GRUB.

Idan kwamfuta ta tashi, ku soka kayan. Ya yi aiki? To kun gano bakin zaren: laifin yana wajen sabon kanel ko direbansa. Kuna iya ci gaba da aikinku na yau da tsohon. Wannan zaɓi na tashi ɗaya ne, gobe kwamfuta za ta koma kan sabon sai kun sake zaɓa. Kuma har sai an warware matsalar, kada ku rubuta umarnin apt autoremove, kada ku yarda wani ya share muku tsofaffin kanel da sunan neman wuri.

Me kwamfuta take gani?

Ku koma kan sabon kanel, ku buɗe tagar umarni, kayan yana soke, ku rubuta:

lsusb

Kowane layi kaya ɗaya ne. A tsakiyar layin akwai lambobi kashi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu, misali 0bda:c811. Kashin farko na kamfani ne, na biyu na irin kayan. 0bda na Realtek ne, 046d na Logitech, 0781 na SanDisk. Ku kwafe wannan lamba. Ta fi sunan da ke jikin kwali amfani, domin kamfanoni daban-daban suna sayar da kaya iri ɗaya a ciki da sunaye daban.

Idan kayanku ya fito a jerin amma ba ya aiki, kwamfuta ta gan shi, mai yiwuwa direba ne babu. Idan bai fito ba sam, ku zare shi ku rubuta:

sudo dmesg -w

Za ta nemi kalmar sirri. Yayin da kuke rubuta ta ba za ku ga komai a allo ba, haka aka yi shi. Sai ku soka kayan kuna kallo. Sababbin layuka za su fito a ƙasa. Ba sai kun fahimci Turancin duka ba. Ku nemi kalmar error da lambar da ke bayanta. Lamba -110 tana nufin kwamfuta ta jira amsa har lokaci ya ƙare. Lamba -71 tana nufin maganar ta gurɓace a hanya. Duka biyun sukan zo daga kebul mara kyau ko ƙarancin wuta. Ku ɗauki hoton allon da wayarku, sannan ku danna Ctrl da C don tsayar da shi.

Gyara uku

Na farko shi ne sabuntawar da ta tsaya a rabi, kuma a wurinmu wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato. An ɗauke wuta ana cikin aiki, ko data ta ƙare. Kanel ya shiga, amma ƙunshin da ke ɗauke da direbobi da yawa, ciki har da na Wi-Fi, bai shiga ba. Kuna buƙatar intanet don wannan gyara. Idan abin kama Wi-Fi ɗin ne ya mutu, ku sa kebul ɗin intanet, ko ku haɗa wayarku da kebul ku kunna USB tethering (raba intanet ɗin waya ta kebul) a cikin saitinta. Ku rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuna jiran kowanne ya gama:

sudo dpkg --configure -a

sudo apt update

sudo apt install -f

sudo apt install linux-modules-extra-$(uname -r)

Na ƙarshen yana aiki ne a kan kanel ɗin da kuke kai a lokacin, don haka a kan sabon za ku rubuta shi. Sannan ku sake kunnawa. Nan gaba, kada ku fara sabuntawa sai batir a cike yake kuma data ta isa.

Na biyu ya shafi direban da aka kawo daga waje. Yawancin ƙananan kayan Wi-Fi masu araha na Realtek ne a ciki, kuma shekarun baya sai mai gyara ya sauko musu da direba daga intanet suke aiki. Akwai wani tsari mai suna DKMS, wanda kamfanin Dell ya ƙirƙiro, aikinsa shi ne sake haɗa irin wannan direba duk lokacin da kanel ya canza. Wani lokaci haɗin ya kan gaza ba tare da kun lura ba. Ku rubuta:

dkms status

Idan kun ga sunan direba da kalmar installed a gaban lambar tsohon kanel, amma babu ita a gaban sabon, kun ga matsalar da idonku. Ku gwada:

sudo apt install linux-headers-$(uname -r)

sudo dkms autoinstall

Idan ya sake gazawa, direban ya tsufa, sai an nemo sabonsa. Amma ku duba wani abu tukuna. Tun daga kanel 6.2 na 2023, Linux yana zuwa da nasa direban ga wasu daga cikin kayan Realtek ɗin nan, irin RTL8821CU da RTL8822BU. A irin wannan hali tsohon direban waje ba a buƙatarsa, har ma yana iya tare hanya, cire shi ne magani. Ni a ganina, kafin ku sayi kowane abin kama Wi-Fi, gara ku tafi da kwamfutarku ku soka shi a shagon. Wanda ya yi aiki nan take ba tare da an sauko da komai ba shi zai fi zama muku lafiya, ko da ya ɗan fi tsada.

Na uku shi ne kayan da ke aiki na ɗan lokaci sannan ya mutu, musamman linzami da allon rubutu. Linux yana iya sa kayan USB barci don tsimin batir, wasu kuma idan sun yi barcin ba sa farkawa. Ku gwada hana barcin na tashi ɗaya. A allon GRUB, kuna kan layin farko, ku danna harafin e. Ku nemi layin da ya fara da kalmar linux, ku je ƙarshensa, ku bar tazara ɗaya ku ƙara:

usbcore.autosuspend=-1

Ku danna F10. Idan matsalar ta tafi, ku nemi malamin aji ko wani masani ya sa muku wannan rubutu a cikin fayil ɗin /etc/default/grub, ya rubuta sudo update-grub, don ya zauna. Kada ku taɓa wannan fayil ku kaɗai a karon farko.

Idan duk an yi bai gyaru ba

To mai yiwuwa kuskure ne a cikin sabon kanel kansa. Masu kula da Linux suna da ƙa'ida mai tsauri cewa abin da yake aiki a da bai kamata sabuntawa ta kashe shi ba, amma ba za su gyara abin da ba su sani ba. A Ubuntu, umarnin ubuntu-bug linux yana tattara bayanan kwamfutarku ya taimaka muku aika rahoto. Ku faɗi abu uku: lambar kanel ɗin da kayan yake aiki a kai, lambar wanda ya daina aiki a kai, da lambar kayan daga lsusb. Waɗannan ukun ne kuma za ku nuna wa mai gyara. Idan ya gan su ya ce duk da haka sai an yi fomatin, ku ɗauki kwamfutarku ku nemi wani.

Kada wannan ya sa ku daina sabuntawa. Sabon kanel yana toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suke bi. Ku zauna kan tsohon na ɗan lokaci, duk lokacin da wani sabo ya zo ku gwada shi.

Masu Windows kuma, ku buɗe Device Manager, ku nemo kayan, a shafin Driver ku danna Roll Back Driver idan yana dannuwa, zai mayar da direban da ya gabata.

Aikin aji

1. Ku rubuta uname -r, ku kwafe lambar kanel ɗin kwamfutar ajinku a littafi.

2. Ku rubuta lsusb kafin ku soka filash, ku sake rubutawa bayan kun soka. Wane layi ne ya ƙaru? Mece ce lambar kamfaninsa?

3. Biyu-biyu, malami yana tsaye, ku shiga GRUB ku ƙirga kanel nawa ke ajiye. Ku tayar da kwamfutar da tsohon, ku tabbatar da uname -r, sannan ku sake kunnawa ku koma kan sabon.

4. Wata mai shagon buga takardu ta ce abin kama Wi-Fi ɗinta ya daina aiki tun ranar da aka ɗauke wuta tana cikin sabuntawa. A lsusb ana ganinsa. Wane gyara za ku fara mata, kuma ta ina za ku samo intanet?