Yadda muke gyara hanyar bakin kogi a Mai Wurno ta ƙasar Sudan

'Yan uwa masu ta tambaya a WhatsApp yadda muke gayyar gyara hanyar gangarawa kogin Nilu, to ga shi:

1. A sanar da mai unguwa tukuna.
2. A fito bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe.
3. A tsince ledoji da robobi a buhu.
4. A tone muskit (wani icce mai ƙaya) har saiwa, don wallahi in sara kawai kukai damina na sauka zai sake tohowa ya tare hanya, ga ƙayarsa har silifas take hudawa.
5. A cike zaizaya da duwatsu.
Hattara: kar a ɗaga dutse da hannu, kunama na ɓuya ƙarƙashi, a fara turawa da shebur.
6. A kwashe buhunan a amalanken jaki.