Darasi na Tara: Abin da Ke Cinye Jari

A layinmu, can wajen Ƙofar Marusa a Katsina, akwai wani ɗan shago da na ga mutum uku sun buɗe sun rufe a cikin 'yan shekaru. Kowanne ya zo da murna, ya yi fenti, ya jera kaya, maƙwabta suka zo suka yi masa fatan alheri. Bayan watanni sai a ga kantoci sun fara haske, sabulu biyu a nan, gwangwanin madara uku a can. Daga nan sai kwaɗo a ƙofa. Mutane suka ce wurin ne ba ya karɓar ciniki, wasu suka ce baki ne. Ni ne na biyu a cikin ukun nan, kuma na san abin da ya karya ni. Ban san bambancin uwar kuɗi da riba ba, kuma ban rubuta komai ba.

Uwar kuɗi ita ce abin da ka sa ka saro kaya, ita ake kira jari. Riba ita ce abin da ya rage bayan ka mayar da uwar kuɗi, ka kuma cire duk abin da ka kashe kafin kayan su kai hannun mai saye. Kuɗin da ke cikin aljihun tebur da yamma sunansu ciniki. Mafi yawansu na shago ne, ba naka ba.

Ku ɗauki fensir mu yi lissafi tare. Farashin nan misali ne kawai. A ce ka je Babbar Kasuwa ka saro katan ɗin taliya mai ƙwaya 20 a kan naira 10,000. Za ka sayar da kowace ɗaya naira 550. Idan an saye duka, ka haɗa 11,000, zuciya kuma ta ce maka ka ci ribar 1,000.

To, ka biya mai Keke Napep 300, ka sayi leda ta 100. Kayan sun tsaya maka a 10,400 ke nan. Ran nan uwargida ta aiko yaro ya ɗauki ɗaya aka dafa a gida. Maƙwabcinka ya karɓi biyu ya ce, "Malam, sai an yi albashi." Abin da ka sayar hannu da hannu 17 ne, wato 9,350. Ka koma kasuwa, dila ya ce maka, "Ai kaya sun hau, yau 10,800 ne." Kai da kake ganin ka ci riba, ga shi kuɗin hannunka ba su isa sayen katan ɗin da ka fara da shi ba. Wannan katan ɗaya ne. Ka auna irin haka a kan sukari da omo da man gyaɗa, mako bayan mako. Haka kanta ke haske ba tare da ɓarawo ya shigo ba.

Maganin farko shi ne ka yanka wa kanka albashi. Ka zauna ka duba abin da sana'ar za ta iya ɗauka, ka ce kullum zan ɗauki kaza na cefane, ba ƙari. Idan gida na son taliya, a saya da kuɗin cefanen kamar yadda kowa ke saye. Da farko iyali za su ji nauyin abin, har a ce ka yi rowa. Ka yi musu bayani da lalama cewa shagon nan shi ke ciyar da mu gobe. Mata masu sana'a a cikin gida, masu awara da ƙosai da ƙuli-ƙuli, wannan magana ta fi shafarku, domin tukunyar sana'a da tukunyar gida a murhu ɗaya suke. Ki sami gwangwani biyu, ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na riba. Na farkon ba a taɓa shi sai ranar sari.

Farashi kuma ka riƙa sa shi bisa abin da za ka sake sarowa, ba bisa abin da ka saro jiya ba. Kafin ka sayar da ragowar kaya, ka buga waya ka ji yadda kasuwa ta kwana.

Sai bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a gari irin Katsina da ma'aikata ke jiran ƙarshen wata, mai shagon da ya ce ba ya ba da bashi sam zai rasa abokan ciniki. Amma abin da ya fi ciwo shi ne bashin da ba ka iya tambaya: na kawu, na suruki, na abokin da kuke sallah sahu ɗaya. Ni a lokacin da na rufe, abin da ke hannun mutane ya fi abin da ke kan kanta, kuma rabinsa ban tuna wa na ba wa ba. Kunya ce ta hana ni rubutawa a gaban mutum, wai kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani lokaci. Saboda haka ka buɗe littafi a gabansa, ka rubuta suna da rana da adadi da ranar biya, ka karanta masa. Ka kuma sa wa kanka iyaka. Wanda bai biya na baya ba, a ba shi haƙuri. Idan ɗan'uwa ne mabuƙaci, gara ka ba shi abin da za ka iya kyauta daga albashinka, ka san ka yi don Allah.

Akwai waɗanda tun kafin su buɗe suka karye. Mutum ya kwashi adashi, ya biya hayar shekara, ya sa tayil, ya sayi babban firji a unguwar da wuta ba ta zama, sannan ya duba ya ga abin da ya rage na sari bai taka kara ya karya ba. Fara da tebur ba abin kunya ba ne. Wasu kuma ganin wane ya samu ne ke jan su. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 masu POS sun yi ciniki, sai kowa ya nemi na'ura, har aka wayi gari rumfa na kallon rumfa a layi ɗaya. Kafin ka zuba kuɗinka, ka zauna a wurin kwana biyu ko uku, ka ƙirga masu wucewa, ka ga me suke saye, me kuma suke zuwa nesa nema. In sana'ar ba ka san ta ba, ka zauna ƙarƙashin wanda ya sani ko da na wata shida ne. Yaron shago da ya daɗe da ubangida ya san kayan da ke kwantai da damina da waɗanda ke tashi gab da azumi, wannan kuwa kuɗi ba sa sayensa.

Wani abin ba laifin kowa ba ne. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye shaguna da dama a Babbar Kasuwar Katsina. An rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, aka sake rufe ta Nijar a 2023, masu harka da Jibiya da Mai'aduwa suka ji a jikinsu. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin mota da na kaya suka bi ta. Ƙaddara ta riga fata, amma wanda ke ware wani abu daga riba kowane mako, a banki ko a adashin da ya amince da mai riƙe shi, ko ya ɗaure 'yar tunkiya a gida, yana da abin da zai tashi da shi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku guji rufe rami da bashin ruwa, musamman irin wanda ake tallatawa a waya. Ban da haramcinsa, ruwan yana hawa ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Aikin wannan mako: kowa ya sayi littafi mai 'yan shafuka. A ja layi uku a shafi, ya zama gida huɗu. A rubuta a sama: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, bashi. A cika shi kowane dare har kwana bakwai, ko da naira 50 ce aka ba almajiri a sa ta. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya rubuta lambobin da kansa, ɗansa ko abokin zamansa a aji ya taya shi da sunaye. A zo da littafin darasi na gaba, za mu fitar da ribar kowa a kan allo.