Zafi, ƙura da ƙarar fanka: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen kesin na kwamfuta a Katsina

Yawancin masu haɗa kwamfutar tebur a Katsina sai sun gama kashe kuɗi a kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da katin girafik (mai sarrafa hoto) sannan su waiwayi akwatin da za a zuba kayan ciki, wato kesin. Canjin da ya rage a aljihu shi ake ba shi. Idan kuwa da sauran kuɗi, ido ne ke yin zaɓen: wanda ya fi walƙiya, mai gilashi da fitilu ja da shuɗi. Da bazara ta kankama sai ka ji mutum yana cewa kwamfutarsa ta fara nishi, fanka na ta ihu, bidiyon bikin da yake haɗawa ya tsaya cak a rabi.

Masu gwada kayan kwamfuta da muke kallo a YouTube galibi a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke gwajinsu. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Katsina da Daura yakan haura digiri 40 da rana, shago mai rufin kwano ba silin kuma ba a magana. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakin take ɗauka ta bi da ita ta kan kayan, don haka duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, kusan digiri ɗaya ne zai ƙaru a jikin furosesa. Wadda ta nuna 75 a wurin Bature, a shagon Ƙofar Ƙaura da azahar sai ta doshi 93. Yawancin furosesar Intel da kanta take rage gudu idan ta kusa 100, yawancin Ryzen 7000 ta AMD kuwa iyakarta 95. Ka ga tazarar da ta rage 'yar kaɗan ce, kuma kesin ne zai cinye ta ko ya bar maka ita.

Gaba a toshe

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne sayen kesin da aka rufe gabansa da gilashi ko roba sumul, aka jera fanka uku masu fitila a bayansa. A kan kanta yana da kyau ƙwarai. Amma leƙa ka gani, ta ina iskar za ta shiga? A masu arha ɗan tsagi ne a gefe wanda bai kai faɗin yatsa ba, wani lokaci ma fankar kusan manne take da gilashin. Tana juyawa, tana haske, amma iskar da take turawa ba ta taka kara ta karya ba. Zafi ya taru a ciki, fankar furosesa da ta katin girafik su ƙara gudu, ƙarar da kake gudu ta zo ta same ka.

Nemi mai raga a gaba daga sama har ƙasa. Ɗaga murfin ka fuskanci haske. Idan kana hango hasken ta cikin ragar sosai, iska ma za ta wuce. Irin su Corsair 4000D Airflow da Fractal Design Meshify da Lian Li Lancool 216 a kan wannan tsari aka ƙera su, amma ba lallai sai su ba. Ɗan China mara suna mai raga a gaba ya fi mai tsada mai gilashi amfani a garin nan. Gilashin gefe ba shi da wani laifi, tunda dama ba ta can iska ke bi ba. Sai dai a yi hattara wajen cire shi, domin irin wannan gilashi idan bakinsa ya bugi tayil ba tsagewa yake yi ba, rugurgujewa yake gaba ɗaya. Shimfiɗa kwali kafin ka ajiye shi.

Wanda ya riga ya sayi mai toshasshen gaba kada ya ce ya yi asara tukuna. Sauke manhajar auna zafi ta HWiNFO ko HWMonitor, kyauta ne, ka sa kwamfutar aiki mai nauyi ka rubuta zafin da ta nuna. Sai ka cire murfin gaban, yawanci ta ƙasa ake jan sa ya fito, ka maimaita aikin. Idan zafin ya sauka sosai, ka kama ɓarawon. Ajiye murfin, ka sami ragar sauro irin ta taga ka ɗaure a madadinsa. Ba zai yi kyan gani ba, amma zai yi aiki.

Akwai kuma masu neman shiru da gaske, kamar masu situdiyon ɗaukar murya da masu haɗa tallan rediyo, waɗanda ko ƙaramin motsi makirfo zai kama. Su sukan nemi kesin da aka liƙa wa soso a ciki aka yi masa ƙofa a gaba, irin Fractal Design Define ko Silent Base na kamfanin be quiet!. Kaya ne masu kyau, amma da ɗaki mai sanyi suka fi dacewa. Idan na'urar sanyaya ɗaki na aiki wuni guda a wurinka, bismillah. Idan kuwa sai an kawo wuta ko an tayar da janareta take aiki, a ganina sosan ba zai biya buƙata ba: ƙofar za ta hana iska, fankoki su tashi da gudu, ƙararsu ta fi ƙarfin sosan. A wurinmu shiru daga fankar da ke juyawa a hankali yake zuwa, fanka kuwa ba za ta yi a hankali ba sai iska na shiga mata ba wahala.

Yawan fanka da inda take hurawa

Wani bawan Allah ya kawo kwamfuta wurin mai gyara, ransa a ɓace.

"Injiniya, fanka shida fa na sa mata, amma har yanzu zafi take."

Mai gyaran ya yagi ɗan tishu ya kara a gaban kesin, tishun ya yi baya. Ya kara a bayansa, ya yi baya. Ya ɗora a sama, ya tashi.

"Alhaji, ai duk waje suke hurawa. Mi za su fitar in ba abin da ya shiga?"

Wannan ya fi yadda ake zato yawa. Fanka tana jan iska ta ɓangaren da fuka-fukanta ke buɗe, ta fitar ta ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe injinta, inda waya take fitowa. Wasu ma an zana musu kibiya a gefe. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne biyu ko uku a gaba suna shigar da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Fanka uku da aka ɗaura daidai sun fi shida da aka jera barkatai.

Girma ma abin dubawa ne. Fanka mai milimita 140 tana tura iskar da mai 120 za ta tura amma da ƙarancin gudu, ƙananan nan masu 80 na tsofaffin kesin kuwa su ne masu ƙarar tsiya. Kafin ka biya, duba ko gaban kesin yana karɓar 140. Sannan duba bakin wayar fankokin da suka zo da shi. Masu arha da yawa kai tsaye ake jona su da fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan wuta, ta faffaɗan soket ɗin nan da ake kira Molex, kuma irin waɗannan da cikakken gudu suke juyawa tun daga kunnawa har kashewa, ko da wasiƙa kawai kake bugawa. Mai fil huɗu, wato PWM, a madabod ake jona ta, wato babban allon da ake dasa furosesa da sauran kaya a kai, sai ka shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ka tsara mata: ta yi a hankali idan ba aiki, ta tashi idan zafi ya hau. Mutane da yawa suna da irin wannan amma ba su taɓa leƙa BIOS ɗin ba.

Fankar da ta fara gurnani ko kakari da safe kuwa, man da ke cikinta ne ya bushe, kuma zafi na gaggauta hakan. Ɗiga mata mai na ɗan lokaci ne. Sauya ta.

Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya share teburinsa da safe ya san abin da zai tarar da la'asar. Kwamfuta kuwa zuƙar ƙurar take yi da kanta. Idan ta taru tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa sai ta zama kamar bargo, zafi ya kasa fita. Abin takaicin shi ne ƙurar hunturu ce ke jawo matsalar bazara: an tara ta a Janairu lokacin da sanyi ke rufa asiri, sai a Afrilu asirin ya tonu.

Kuskure na farko a nan shi ne sayen kesin mara filta, ko mai filtar da sai an kwance rabin kwamfutar kafin a kai gare ta. Filtar da ke da wuyar cirewa ba wanda zai wanke ta. Nemi wadda ake zarewa da hannu ko mai maganaɗisu, a gaba da kuma ƙasa inda fawa-fak ke shaƙa.

Na biyun ya fi ɓoyuwa. Idan iskar da fankoki ke fitarwa ta fi wadda suke shigarwa, kesin zai riƙa cike giɓin ta kowace kafa da kowane tsagi, inda babu filta ko ɗaya. Shi ya sa za ka ga ƙura ta yi layi a bakin USB da gefen murfi. Idan kuwa mai shiga ta ɗan fi mai fita, iskar ce za ta riƙa tsiyayowa waje ta waɗannan kafofin, ƙurar kuma ta tsaya a filtar gaba inda za ka iya kakkaɓe ta. Wannan ne ma ya sa na ce biyu ko uku a gaba, ɗaya a baya.

Sai kuma al'adar nan ta cire murfin gefe a kafa wa kwamfuta fankar tsaye. A shagunan bugu da fotokofi na kusa da makarantu abin ya zama ruwan dare. Gaskiya zafin yakan sauka a ranar, ba musu. Amma ka buɗe wa ƙura ƙofa, ka buɗe wa kyankyaso da gizo-gizo, zanzaro ma sai ya gina gidansa a ciki, ƙarar kuma ba abin da ke tare ta. A yi shi na kwana ɗaya don a gama aikin gaggawa, kada ya zama zama. Lulluɓa wa kwamfuta zane kuwa daidai ne idan a kashe take. Tana aiki, shaƙe ta aka yi.

Wajen kakkaɓewa, kashe ta ka zare waya, ka fita da ita waje ka sa bulowa. Riƙe fuka-fukan fanka da yatsa kada iskar ta juya su fiye da ƙima. A hunturu, da yake iska a bushe take, jiki yakan tara ɗan lantarkin nan da ke tsinkar mutum idan ya taɓa ƙofar mota, don haka taɓa ƙarfen kesin kafin ka taɓa wani abu a ciki. Filta a duba ta duk mako biyu a wannan lokaci. Idan an wanke ta da ruwa, sai ta bushe ƙayau a mayar.

Awo, da tsohuwar HP

Kuskuren awo ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai har yanzu ana faɗawa cikinsa. Madabod na ATX, tsarin da Intel ta fitar a 1995, milimita 305 ne a 244. MicroATX 244 a 244. Mini-ITX 170 a 170. Ƙarami yana shiga babban kesin, babba ba ya shiga ƙarami. Manyan masu sanyaya furosesa tsayinsu yakan kai milimita 150 zuwa 165, katin girafik na zamani kuma wani ya haura 300. Kowane kesin yana rubuta iyakar abin da yake ɗauka. Idan daga Kano ko Legas za a auno maka, nemi waɗannan lambobi kafin ka tura kuɗi, don mayar da kaya ta mota wata wahala ce daban.

Masu tsofaffin HP da Dell na ofis, waɗanda su suka fi yawa a hannun jama'a, kan so su kwashe kayan cikin su zuba a sabon kesin. Da yawansu madabod ɗinsu da soket ɗin wutarsu da wayar maɓallin kunnawa ba irin na kowa ba ne, na kamfanin ne kawai. A bincika lambar kwamfutar tukuna.

Fawa-fak ɗin da ke zuwa kyauta da kesin mai arha, wanda idan ka ɗaga za ka ji shi shafal, ba abin dogaro ba ne. Gara ka sayi kesin shi kaɗai, ka nemi fawa-fak mai shaidar 80 Plus, wadda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja yana kai ta ga kayan. Ragowar zafi take zama, don haka mai inganci ya fi sanyi, ya fi shiru, kuma mai amfani da sola da inbata zai ga bambanci a batirinsa. Had-dis mai juyawa, wato ma'ajiyar fayiloli, kuma yana girgiza ƙarfen kesin mara kauri. A ɗaure shi da robobin da suka zo tare, ko a koma SSD wanda ba ya motsi sam.

Game da sanyaya da ruwa, matasa masu wasan gem suna sha'awarsa, amma ruwan nan iskar ɗakin ce dai ke sanyaya shi, ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba. Ga ƙarar famfo, ga lagiretonsa da ke cika da ƙura. Ga yawancin mutane babban mai sanyaya na iska ya wadatar.

Bayan duk wannan sai a kai kesin mai kyau a cusa shi cikin ɗan akwatin teburin kwamfuta mai ƙofa, ko a dasa shi kan kafet inda gashin kafet ɗin zai toshe ƙasansa, ko a jingina bayansa da bango, sitabilaiza da UPS na gefe suna hura masa nasu zafin. Ɗaga shi daga ƙasa, ko a kan ɗan benci ne, tunda ƙura a ƙasa ta fi yawa. Bar masa tazarar tafin hannu ko fiye a baya da sama, ka kuma kauce wa tagar da rana ke shigowa ta ciki da yamma.