Gyatsar da ba ta jin kanwa, ga yadda ake koyon tsayar da ita

Jama'a akwai gyatsa iri biyu fa. Ta farko ita ce ta kowa da kowa, ka ci ka ƙoshi ko ka sha lemon Top mai sanyi a zafin Garwa iska ta taso daga tumbi ta fita, shikenan. Ta biyun ita ce mai wahalar da mutane, iskar ba ta ma kai tumbi, mutum ne da kansa yake zuƙo ta cikin bututun abinci ba tare da ya sani ba sai ya tunkuɗo ta nan take, wani sai ya yi sau 20 a minti ɗaya, a sahun sallah, a kan moto, a gaban surukai.

Yadda za ka gane ta, ka tambayi mutanen gida ko kana yi in kana barci. Irin wannan ba ta zuwa a barci, kuma tana lafawa in kana tsakiyar magana ko hankalinka ya tafi wani wuri, in damuwa ta yi yawa kuma sai ta ƙaru. Shi ya sa maganin kumburin ciki ba ya yi mata komai, kanwar nan da ake jiƙa mana kuwa in ta haɗu da ruwan tsamin tumbi iska ma take ƙarawa.

Likitoci a Amsterdam sun gwada tura masu irin wannan gyatsa wajen mai gyaran magana, wanda da Faransanci muke cewa ortofonis, mai koyar da masu in-ina ɗin nan, zama kamar goma, kuma da yawansu sun samu sauƙi. To su ortofonis ba su da yawa a arewa, in ba ka samu ba ga abin da za ka fara a gida.

Da farko ka koyi kama alamar, kafin ta zo akwai wani matsi ko nauyi da ake ji a ƙirji ko maƙogwaro. Da ka ji shi ka ɗan buɗe baki, ka ɗora bakin harshe bayan haƙoran sama na gaba, ka yi numfashi a hankali, don da baki a buɗe haɗiye iska na da wuya. Wasu biro suke sawa tsakanin haƙora su tuna.

Sai numfashin ciki, wannan ne ainihin aikin. Ka kwanta rigingine, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a cibiya, ka ja iska sannu sannu har hannun cibiya ya ɗaga na ƙirji kuma kar ya motsa, ka sake ta a hankali. Minti biyar safe da yamma, in ka iya a kwance ka koma yi a zaune, sannan bayan cin abinci lokacin da ta fi damunka. Ranakun farko za ka ji kamar wasan yara ne, sai an yi makonni jiki ke sabawa. Cingam da lemon kwalba a ajiye su tukuna, shayin ma a daina zuƙarsa da ƙara.

Amma in akwai rama, ko abinci na maƙalewa, ko aman jini, ko baƙin bahaya, ko ƙwannafi kullum, wannan ba na numfashi ba ne, asibiti za ka nufa a duba olsa da sauransu.