Yadda Ake Kula da Babur ɗin Nutso: Batir, Daidaita Nauyi da Tuƙi a Ƙarƙashin Ruwa

Babur ɗin nutso na'ura ce mai siffar doguwar ganga, da batir a cikinta da farfela a bayanta, wadda ke jan mai nutso maimakon ya yi ta bugun ƙafa. Tana rage gajiya, tana rage shan iska, tana kai mutum inda ƙafa ba za ta kai shi ba. A nan kuma haɗarinta yake: nisan da ta kai ka cikin minti goma, in ta mutu, sai ka yi kusan rabin awa kafin ka dawo da ƙafa. Duk shirin da ke ƙasa an gina shi ne a kan cewa za ta iya mutuwa a wuri mafi nisa.

Fara da sanin batirinka

Batir iri uku ake samu: na darma, na nikel, da na litiyam. Na darma yana da nauyi, kuma ƙarfinsa yana raguwa a hankali har ka ji babur ɗin ya soma kasala. Na litiyam ya fi sauƙi da daɗewa, amma yana riƙe ƙarfinsa kusan har ƙarshe, sannan na'urar kariyar da ke cikinsa ta yanke wuta nan take. Kada ka jira ya ba ka alama. Agogo ne zai gaya maka.

Lissafin ba wuya. Ninka bolt da amfa-awa, ka samu wat-awa. Batir mai bolt 24 da amfa-awa 15 yana ɗauke da wat-awa 360. Idan injin yana cin wat 200 a matsakaicin gudu, zai yi awa 1.8, wato minti 108. Wannan na sabon batir ne. Tsufa da ruwan sanyi duk suna rage shi. Don haka ka auna naka da kanka: yi cikakken caji, tuƙa a ruwa marar zurfi da kayan da ka saba sawa, ka rubuta mintocin da ka riƙe kunama, wato abin da ake matsawa injin ya tashi, har batirin ya ƙare. Maimaita wannan lokaci-lokaci, musamman bayan dogon ajiya.

Gudu shi ne babban mai cinye batir. Ruwa yana turjewa sosai, ta yadda ninka gudu sau biyu kan buƙaci ƙarfin inji kusan sau takwas. Wanda ya tsaya a giya ta tsakiya ya fi wanda ya ƙure ta cin nisa, kuma da tazara mai yawa.

Wajen caji, yi amfani da cajar da aka yi wa batirin kawai, a busasshen wuri mai iska, ba a kan abin da wuta za ta kama ba, kuma kada ka tafi ka bar shi ya kwana. Bari ya huce bayan nutso kafin ka jona. Ba a cajin litiyam a sanyin da ya kai na daskarewar ruwa. Na darma da na nikel suna fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi kaɗan ke tayar wa. A buɗe gangar ake cajinsu, a bar su su sha iska kafin a rufe. Ajiya kuma ta bambanta: na darma a cike ake ajiye shi, ana ƙara masa caji a kai a kai, na litiyam kuwa a kan kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a cire shi daga injin. Batirin litiyam da ya kumbura, ya faɗi ya lotsa, ko ruwan gishiri ya taɓa shi, aikinsa ya ƙare. Fitar da shi waje nesa da gini, domin yana iya kama wuta bayan awanni.

Ga mai tafiya a jirgin sama: batirin litiyam da bai wuce wat-awa 100 ba ana shiga da shi a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, abin da ya haura 160 kuwa ba ya shiga kayan fasinja. Shi ya sa wasu nau'o'i, kamar BlackTip na Dive Xtras, ke aiki da batiran injin huda bango guda biyu, waɗanda ake cirewa.

Rufe gangar

Yawancin baburan da ruwa ya shiga, ta zoben robar da ke toshe bakin gangar ya bi. Ciro zoben da abu marar kaifi, goge shi da ramin da yake zama da tsumma marar gashi, ka ja shi tsakanin yatsu kana neman tsagewa ko tsakuwa. Shafa giris ɗin silikon kaɗan, daidai yadda zai yi ƙyalli. Giris ba shi ke tare ruwa ba, kuma idan ya yi yawa yashi yake kamawa. Silin gashi ɗaya da ya gitta zoben ya isa, saboda a zurfin mita 30 matsin ya ninka na sama sau huɗu. Idan babur ɗinka yana da wurin zuƙe iska don gwaji, zuƙe, ka jira mintoci, ka ga allurar ba ta motsa ba. Bayan rufewa kada ka bar shi a rana.

Daidaita nauyinsa a ruwa

Abin da ake so shi ne idan ka sake shi ya tsaya inda yake, a kwance, bai nutse ba bai taso ba. Mai nauyi yana jan ƙugunka ƙasa yana gajiyar da wuyan hannu, mai sauƙi kuma yana hawa kanka duk lokacin da ka tsaya.

Sa shi a ruwa marar zurfi, juya shi har iskar da ta maƙale a kewayen farfela ta fita, sannan ka sake shi. Idan ya taso, ƙara darma giram 50 zuwa 100 a lokaci guda. Idan hancinsa ya kalli sama, matsar da darmar gaba. Idan ya kalli ƙasa, mayar da ita baya. A ɗaure ta sosai, don darmar da ke yawo a ciki tana iya cire waya.

Ruwan teku ya fi na tafki nauyi da kusan kashi 2.5 cikin ɗari. Babur mai cin wurin lita 16 da aka daidaita a tafki zai buƙaci ƙarin kusan giram 400 a teku. Haka idan ka canza batir, sai an sake aikin daga farko.

Sai naka nauyin, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Yayin da babur ke janka, gudun yana ɓoye kuskure: kana iya gangarawa mita goma ba ka ƙara iska a rigarka ta daidaita nauyi ba, ba kuma ka ji komai ba, sai ka saki kunama ka ga kana faɗawa ƙasa. Akasin haka ya fi muni, domin iskar da ke rigar tana kumbura yayin hawa, kana saki ta ɗaga ka sama babu shiri. Maganin shi ne duk lokacin da zurfi ya canza, saki kunama na 'yan daƙiƙu, ka ga ko kana tsaye, ka gyara, sannan ka ci gaba.

Tuƙi

Igiya ce ke janka, ba hannu ba. Maƙala ta a zoben ƙarfe na maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, ka daidaita tsawonta yadda gwiwar hannunka za ta ɗan lanƙwasa, ruwan da farfela ke turowa kuma ya bi ta ƙarƙashin cikinka. Idan yana dukan ƙirjinka, kana yi wa kanka birki. Kwanta a miƙe, haɗe ƙafafu, ka daina bugawa. Kafin ka kunna, tattara duk abin da ke lilo: ma'aunin iska, bututun ajiya, zare, gashi.

Kada ka hau ko ka gangara da ƙarfin inji. Hawa bai kamata ya wuce mita 9 zuwa 10 a minti ba, babur kuwa yana yin mita 40 ba tare da wahala ba. Ciwon kumfar jini da fashewar huhu ke jiran wanda ya ɗaga hancinsa sama. A gangara kuma kunne ba ya samun damar daidaita matsi. Ƙara kaurin rigar roba, don jiki ba ya motsi ga ruwa yana ta wucewa, sanyi kan kama da wuri.

Raba batir kashi uku: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Amma sau da yawa iska ce ke yanke hukunci. Tafiyar minti 10 a mita 40 kowane minti ta kai ka mita 400. Dawowa da ƙafa kana jan mataccen babur, a ce mita 15 a minti, minti 27 ne. A zurfin mita 20, mai shan lita 20 a minti a sama yana shan 60, wato kusan lita 1,600, alhali tulun iska mai lita 12 da aka cika a matsin da ya ninka na sama sau 200 lita 2,400 yake ɗauka gaba ɗaya. A buɗaɗɗen ruwa kana iya hawa a hankali ka saki balan-balan ta alama don jirgi ya gan ka. A kogo ko cikin jirgin da ya nutse babu wannan, kuma ba a shiga su da babur sai da horo na musamman. Ka soma tafiya kana fuskantar igiyar ruwa, ta taimake ka a dawowa, ka kuma gwada jan abokin nutsonka tun a ruwa marar zurfi.

Idan yashi ya maƙale kunama injin ya ƙi tsayawa, kada ka bari ya nufi sama. Karkatar da shi ya yi ta zagaye a zurfin da kake, ja kunamar baya ko ka kashe makunnin wuta. In ya ƙi, kwance igiyar ka sake shi.

Bayan fita, jiƙa shi a ruwan daɗi yana rufe, kunna shi na 'yan daƙiƙu a ciki, ka matsa kunama sau da yawa don gishiri ya fita. Duba bayan farfela, inda zaren kamun kifi kan naɗe ya ci robar da ke tare ruwa a sandar injin. Kada ka bar shi yana juyawa a busasshe, ruwa ne ke sanyaya wannan robar. Goge shi ya bushe kafin ka buɗe, ka kuma buɗe yadda ɗigo ba zai gangara kan batir ba.