Yadda za ku koya wa yaro rarrabe wasa da cin zali

Jariri ɗan wata 9 zuwa shekara 1 ya riga ya iya tsokana irin tasa: ya miƙo cokali, an kai hannu ya janye yana dariya. Zolayar baki kuwa, wadda ake faɗin abu alhali ba shi ake nufi ba, sai daga baya yake gane ta. Ɗan shekara 3 idan kakarsa ta ce "yau sai na kai ka kasuwa na sayar", yana iya ɗauka da gaske ya fashe da kuka. Wajen shekara 4 zuwa 5 yake fara fahimtar cewa abin da ke ran wani daban yake da nasa. Gatse, irin "sannu da ƙoƙari" da ake ce wa wanda ya ɓarar da kunu, sai wajen shekara 6 yake fara jin ba yabo ba ne, kuma sai ya kusa 9 ko 10 yake ɗanɗana rahar da ke ciki. Saboda haka ƙaramin yaron da ya yi kuka don an zolaye shi bai cancanci a ce masa rago ba. Shekarunsa ne ba su kai ba.

Ku fara da wasan da ke cikin gida. Kaka tana kiran jikanta "maigida", jikanya kuma "kishiyata". Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, suna ja-in-ja kan kuɗin shara lokacin Cika-ciki. Haka Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa, Kanawa da Zagezagi. A 2014 har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya irin wannan wasa na Nijar cikin al'adun da duniya ta gada. Amfaninsa ga yaro babba ne, domin yana jin magana mai zafi daga bakin wanda ya tabbata yana ƙaunarsa, kuma an ba shi damar ramawa ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Sai dai kallo kaɗai ba ya isa. Ku riƙa fassara masa nan take: "Dubi fuskar Kaka, dariya take yi ko fushi? To wasa take yi da kai. Ce mata ke ma kin tsufa, na fasa aurenki."

Daga shekara 5, ku koya masa tambayoyi uku da zai yi wa kansa. Mu biyu muke dariya, ko ni ake yi wa? Idan na rama, zai ɗauka? Idan na ce ya daina, yana dainawa? Ta ukun ta fi sauran nauyi. Abokin wasa yana tsayawa da zarar ya ga ranka ya ɓaci, mai cin zali kuwa a nan yake ƙara ƙaimi.

Sai gwaji. Ku ware minti 5 bayan sallar magariba, uwa ko uba ya zama mai tsokanar, da ainihin kalmar da ake faɗa wa yaron a makaranta. Idan "gajere" ake ce masa, ya gwada amsawa da murya kwance: "Eh, gajere ne ni, sai me?" Mai tsokana fushi ko kuka yake nema, in bai samu ba yakan gaji. Idan abin ya ci gaba, yaron ya ɗaga kai, ya dubi idonsa, ya ce "ba na so, ka daina" sau ɗaya tak, sannan ya koma inda mutane suke. Ku lura da kafaɗunsa da muryarsa, domin kalma daidai da murya mai rawa ba ta aiki. Ku yi musanya kuma, shi ya tsokane ku, ya ga yadda kuke amsawa.

Akwai shawarwari biyu da iyaye suka fi bayarwa, dukansu kuma ba sa kai wa ga biyan buƙata. "Ka ƙyale su" ba ta yi wa ɗan shekara 6 amfani, fuskarsa tana tona shi, tsokanar ta ƙaru. "In ya zage ka ka doke shi" tana ƙarewa da yaronku a gaban malami yana shan bulala, wanda ya fara kuma yana gefe. Mafi muni shi ne gida ya zama tushen abin: a tara yara su yi wa mai fitsarin kwance waƙar amalala, ko a riƙa kwaikwayon mai in-ina. Fitsarin kwance ba da gangan ake yinsa ba, kunyatarwa kuma ba ta warkar da shi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma hanin ya shafi har yaran da ke ƙarƙashinmu. Maraici, zabiyanci, ciwon sikila, nakasa da talaucin iyaye ba abin wasa ba ne, ku sanar da yaro wannan ko da shi ne mai tsokanar.

Idan ana maimaita abin kullum, ko masu yin sun fi shi girma ko yawa, ya wuce abin da yaro zai magance shi kaɗai. Alamominsa su ne ƙin zuwa boko ko Islamiyya, ciwon ciki da safe wanda ke ɓacewa ranar hutu, yagaggen littafi, da kuɗin tara da ke salwanta. Ku rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa, ku kai wa malamin aji a keɓe, kada a gaban ɗalibai. Ku nemi ya faɗa muku matakin da zai ɗauka, ku koma bayan mako 1. In ba a ga sauyi ba, sai a je wurin shugaban makaranta da wannan rubutun a hannu.