Kurakuran da sababbin masu libarba ke yi wajen sayen mariƙin roba

Kusan duk wanda ya sayi ƙaramar libarba a Amurka don ya riƙa ɗaura ta ƙarƙashin riga, ranar farko da ya je filin koyon harbi zai koma gida tafin hannunsa na zugi. Kafin sati ya zagayo ya shiga intanet yana neman mariƙin roba mafi kauri, mafi taushi. Daga nan ɓarnar take farawa, kuma na gaji da ganin ta a hannun 'yan'uwanmu da suka zo ba da jimawa ba. Magana nake da wanda dokar jiharsa ta yarje masa, kamar mu a Texas inda tun ranar 1 ga Satumba, 2021 wanda ya cika sharuɗɗa yake iya ɗaukar bindigar hannu ba tare da lasisi ba. A Najeriya kuwa dokar makamai ta sa libarba cikin waɗanda aka haramta wa farar hula, don haka zancen nan ba na gida ba ne.

Zafin hannun gaskiya ne, ban musa ba. Smith & Wesson 642 ko 442, masu cin harsashi 5 na .38 Special, nauyinsu bai kai rabin kilo ba, saboda an yi jikinsu da alminiyam. Bindiga mara nauyi ba ta da abin da za ta shanye ƙarfin harbi da shi, sai ta juye shi duka a hannunka. To amma ka tambayi kanka, awa nawa kake harba ta a wata, awa nawa kuma take manne a ƙugunka? Mariƙin bindigar ɓoye, aikinsa na farko ya ɓuya, na biyu ya fito da sauri idan an neme shi. Daɗin harbi shi ne na uku.

Babban kuskuren shi ne sayen robar nan mai danƙo, wadda idan ka shafa ta a shago take kama yatsa, kana jin daɗi kana cewa ba za ta taɓa suɓuce maka ba. Yadda ta kama yatsanka, haka za ta kama rigarka. Ka sunkuya ɗaukar kaya a kanti, rigar ta hau ta maƙale a kan mariƙin, ka miƙe ba ta sauko ba, kana ta yawo kowa na ganin siffar bindiga a bayanka, kai kaɗai ne ba ka sani ba. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne a wani horo na zaro bindiga daga kube. Malamin ya busa usur, na yaye riga da hannun hagu, na kai dama, sai na damƙo mariƙi haɗe da rigar ciki. Na ja, yadin ya biyo bindigar, bakinta ya karkace zuwa cinyata. Babu harsashi a ciki, Allah Ya kiyaye, amma gumin da ya keto mini a lokacin ba na rana ba ne. Malamin, dattijo ne, bai yi faɗa ba. Ya karɓi bindigar ya goga mariƙin a hannun rigarsa, yadin ya tattare ya bi shi, ya miƙo mini abata ya wuce wurin na gaba.

Tun daga ranar, ga yadda nake gwada kowane mariƙi. In fitar da harsasai duka, in kai su wani ɗaki, in buɗe gangar in duba ramukan da ido da yatsa. Sannan in sa kayan da nake fita da su da gaske, har da kaftanin Juma'a, in zauna, in tashi, in sunkuya, in shiga mota in ɗaura bel, in zaro a hankali sau da yawa. Idan yadi ya biyo ko sau ɗaya, mariƙin ya faɗi jarrabawa. Roba mai ɗan tauri da santsi a gefe ita nake so. Wasu suna naɗa wa mai danƙon tef, wasu suna shafa mata hoda. Ni ban yarda da wannan kwaskwarima ba, abin da za ka dogara da shi ranar tashin hankali bai kamata ya zama mai faci ba. Mai sa ta a aljihun wando kuma, shi ne ma ya fi kowa buƙatar guje wa danƙo, don shafin aljihu sai ya juyo waje tare da ita.

Sai tsawo. Mutane suna tsammanin bututun bindiga ne ke tona asiri, alhali yana kwance cikin wando. Gindin mariƙi ne ke turo riga. Mai tsayin da zai ɗauki yatsu uku, irin Hogue Monogrip ko Pachmayr Compac, yana da daɗin harbi ƙwarai, kuma idan bindigar ta zaman durowa ce a gida ba ni da ta cewa. Amma ka ɗauki bindigar da aka ƙera tun 1950 don ta zama ƙarama, ka ɗora mata gindin babba, me ka yi ke nan? Gajeren nan da maƙerin mariƙai Craig Spegel ya tsara, wanda kamfanin Uncle Mike's ya yi na robarsa, iyakarsa daidai ƙarshen ƙarfen bindigar, ya cike gurbin da ke bayan kariyar kunama, ƙaramin yatsa kuma ya naɗe a ƙasa. Hogue Bantam ma tsarinsa ke nan. Da farko za ka ji kamar hannunka bai cika ba. Ka daure, hannu yana sabawa.

Kuskuren da ya ci mini dukiya shi ne tsatsa, kuma a nan zan ɗan yi faɗa. Kai da ka san zafin Houston a watan Yuli da Agusta, ka san yadda riga ke jiƙewa tsakanin ƙofar gida da mota, yaya za ka ɗaura ƙarfe a jikin fatarka wuni guda, ka goge samansa kawai ka ce ka tsaftace? Gumi yana gangarawa ta bakin robar ya shige ciki, roba kuwa ba ta numfashi, ba ta bari ya bushe. Gishirin da ke cikinsa sai ya kwanta yana cin ƙarfe a ɓoye. Ina da wata tsohuwar libarba ta baƙin ƙarfe, wadda na tara kuɗi na saya, waje tas take sheƙi. Ranar da na kwance mariƙin don in canza shi, na tarar gindin ya yi jawur, da ƙananan ramuka kamar zanzana, har sifirin ɗin da ke buga harsashi ya fara kamuwa. Maƙerin bindiga ya kankare abin da zai iya, ya canza sifirin, amma ramin da tsatsa ta haƙa ba ya cikewa, darajarta ta zube har abada. Kada ka ce taka ta farin ƙarfe ce ko ta alminiyam. Farin ƙarfen ma yana tsatsa idan gishiri ya daɗe a kansa, ta alminiyam kuma sifirin da kusoshinta na ƙarfe ne.

Ni dai al'adata, lokacin zafi duk ranar Juma'a da yamma nake kwance mariƙin. In goge ƙarfen da tsumma, in shafa masa kakin kariya ko mai kaɗan, kaɗan ɗin gaske. Robar kuma sabulu da ruwa kawai, in bar ta ta bushe sarai kafin in mayar. Wasu sun ce sau ɗaya a wata ya isa. Wataƙila a jihohin sanyi. Kuma ka nisanta ruwan wanke bututu daga robar, akwai irin da ke sa ta laushi ta fara narkewa a hannu.

Akwai wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba. Mariƙin da ya lulluɓe bayan ƙarfen da roba mai kauri yana rage zafin dukan, amma yana ƙara nisa tsakanin tafinka da kunama. Kunamar irin waɗannan bindigogi tana buƙatar jan da ya haura kilo 5, wato ya ninka nauyin bindigar kanta fiye da sau goma. Idan kan yatsa kaɗai ke taɓa ta, wajen ja sai ka ture bakin bindigar gefe, ka yi ta zargin bindiga ba ta saiti. Mai manyan hannuwa, ƙarin kaurin nan alheri ne gare shi. Mai gajerun yatsu ya nemi wanda ya bar bayan a buɗe. Abin dubawa ɗaya ne: ka riƙe ta a miƙe da damtsenka, gaɓar farko ta manuniya ta zauna a kan kunama ba tare da ka murɗa hannu ba. Maigida da ke saya wa uwargida, don Allah ka bari ita ta riƙe ta gwada, hannunka ba nata ba ne.

Sauran ƙanana ne. Ka san gindin bindigarka kafin ka biya kuɗi, domin Smith & Wesson tana da mai zagaye da mai kusurwa, a jikin kwali za ka ga an rubuta Round Butt ko Square Butt, kuma mariƙin ƙaramin jiki, wato J, ba ya shiga matsakaicin jiki, wato K. Ruger LCR, wadda ta fito a 2009, gindinta ƙaramin turke ne da mariƙi ke zurawa a kai, na Smith & Wesson ba zai hau ta ba. Kada kamannin libarbar kamfanin Taurus da waɗannan ya ruɗe ka, ka nemi wanda aka rubuta sunanta. Idan kana amfani da abin ɗura harsasai biyar lokaci guda irin na HKS ko Safariland, ka gwada shi da harsasan roba na atisaye, don kafaɗar hagu ta wasu mariƙai tana tare masa hanya, wani lokacin har kwanson da aka harba take riƙewa. Kwarmin yatsu da bai dace da yatsunka ba, gara babu shi. Kada ka matse sukuru kamar kana ɗaure tayar mota, ka tsaya da zarar mariƙin ya daina motsi. Tsohon mariƙin da kusoshinsa, ka zuba a leda ka adana, za ka neme su ranar sayarwa.

Bayan duk wannan, kada ka ɗaura ta ka fita sai ka koma filin harbi. Canjin mariƙi yana canza yadda bindiga ke zama a hannu, wani lokacin har inda harsashi ke sauka. Ka harba ainihin harsashin da kake ɗauka, ba mai arhar atisaye kaɗai ba, da hannu biyu, da dama ita kaɗai, da hagu ita kaɗai. Idan bayan harbi na biyu ko na uku sai ka tsaya ka gyara riƙo, wannan mariƙin bai yi maka ba, ka cire shi ka gwada wani.